Bargon da Muka Ɗinka wa Inna

Uwata ba ta barci sai da wuta a ƙarƙashin gado. Da sanyi ya shigo sai ta cika kasko da garwashi, ta tura shi ƙarƙashin gadon kara, ta kwanta. Haka tsofaffin garinmu suke yi, can kusa da Cadakori. A shekarar da aka ce Nasara zai tafi mu karɓi mulkin kai, bakin zanenta ya sauka cikin kaskon, ta ƙone daga idon sawu har gwiwa. Lokotoron Gidan Rumji, wato likita, ya wanke, ya ɗaure, ya ce in aka sake, to ba lalle ta tashi ba. Mutane suna ta maganar sabuwar tuta, ni ina korar ƙuda daga ƙafar tsohuwa.

Cikin waɗanda muka taso gida ɗaya ita kaɗai ta rage mini. Yunwa ta ɗauki ubana da ƙannena. Aikin dole na hanyar mota ya ci wana, ni na dawo. Ban yi niyyar bar wa wuta ita ba.

Ciwon ya warke da damina. Aka gama kaka, sanyi ya fara leƙowa, sai na gan ta ta jawo kaskon tana kakkaɓewa.

"Inna, me za a yi da wannan?"

"Kai ka san sanyi?" ta ce. "Jininka da ɗumi. Ni ƙashi ne kawai ya rage."

Bargon kanti ya fi ƙarfina, gwadonta kuma ya zama rariya. Sana'ata bayan noma ɗinkin akumari ce, shimfiɗar da ake ɗora wa jaki don kada kaya ya ci masa baya. Ina da buhunan audugar rimi da na tara tun bazara. Na ce abin da ya tare wa jaki kaya zai tare wa tsohuwa sanyi. Sai dai ban taɓa ɗinka abin da ya wuce bayan jaki ba, wannan kuwa sai ya rufe mutum daga kai har ƙafa.

Matata ta bi gidaje tana roƙon tsofaffin zannuwa. Ta tara saƙi da akoko da guntayen riguna, ta wanke su, ta shanya. Ni kuma na kira gayya. Aka yi dariya, don gayya ta noma ce ko ta ɗora jinka, ba wanda ya taɓa jin gayyar allura. Duk da haka wasu sun zo. Akwai taubashina, ɗan gwaggona, wanda bakinsa ba ya rufuwa. Akwai maƙwabta biyu. Akwai kuma abokina Bafillace, wanda shanunsa ke kwana a gonata bayan an cire amfani.

Taubashina tun daga bakin zaure ya fara.

"Ina jakar da za a yi wa akumarin? A fito da ita mu gwada bayanta."

Inna tana zaune a rana. Ta ce, "Ina jin ka, ɗan nema. Uwarka ma sanyin take ji, ba ta dai haifi mai tausayi ba."

"Inna, ni na fi shi tausayi. Shi jaka ya mai da ke."

"Zauna ka ɗau allura," na ce masa.

Muka shimfiɗa tabarmi a rumfa. Muka harhaɗa ƙyallaye har suka zama fuska biyu, muka baza auduga a kan ɗaya, muka rufa ɗayar. Audugar rimi ba ta zama wuri ɗaya. Ta shiga hanci, ta maƙale a gemu, kowa ya yi furfurar da bai shirya ba. Bafillacen ya ce hannunsa bai san allura ba, sai ya zauna gefe yana murza mana zare a cinya.

Mu kuwa manoma ne. Kowa ya kama layin ɗinkinsa daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda ake bin layin shuka daga kan gona zuwa ƙarshenta. Har tsere ake yi. Wanda ya riga fita sai ya yi kirari, ya kama wani layin. Matata tana kawo fura. Kwanaki muka yi a haka, daga hantsi zuwa la'asar, yatsu duk sun huje.

Ranar da muka gama, taubashina ya ɗaga bargon sama don mata su gani, ya girgiza shi. Auduga ta bi layukan nan ta gangara. Sama ya zama zane kawai, ƙasa ya kumbura kamar tumbin sa. Ni na ji kamar in yaga shi.

Bafillacen ne ya fara dariya.

"Ku komai layin gero. Kun buɗe mata burtali, don me ba za ta bi ba?"

"To malam mai shanu, kai da ba ka soka allura ko ɗaya ba, yaya za a yi?" in ji taubashina.

"Ni maruƙa na sani. Igiya ɗaya ce, amma kowane da nasa madauri. In ba haka ba, duk gefe ɗaya za su taru."

Muka kwantar da bargon, muka yi ta bugunsa da sanduna har audugar ta koma ko'ina. Sannan muka bi kowane layi, kowane taƙi ɗaya mu soka basilla, mu ƙulla da zare mai kauri, mu yanke. Wannan karon ba tsere. Ƙullin kuwa Bafillacen ya fi mu iyawa, har ya daina cewa hannunsa bai san allura ba. Da aka sake ɗagawa aka girgiza, ba abin da ya motsa.

Taubashina ya koma gefe ya cika lofensa da taba don murna. Ya tsakuri audugar da ta rage, ya buga ƙyastu. Tartsatsi ya faɗa kan ragowar tulin, kafin in ɗaga ƙafa ya cinye ƙurmus. Muka tattake. Ba wanda ya ƙone. Amma na tsaya ina kallon baƙin wurin. Tun ina yaro na san da audugar rimi ake kama wuta, ban dai haɗa abin da gadon Inna ba sai a lokacin.

Na ɗauki bargon na kai mata, da ɗan dunƙulen auduga a hannu. Na ajiye dunƙulen a ƙasa, na ɗora masa garwashi. Ta gani.

"Wato makamashi ka ɗinka mini."

"Shi ne. Ko bargo ko kasko, Inna. Ba za su kwana ɗaki ɗaya ba."

"In na ce kasko fa?"

"Sai in kwana a bakin ƙofarki da tulun ruwa har sanyi ya wuce."

Ta san zan yi. Ta jawo bargon kan cinyarta tana shafawa, tana duba ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan zanen matar liman ne. Ashe tana kyauta." Ta ɗago ta dube ni. "Kwana ɗaya. In na ji sanyi, ka zo ka kwashe tsummanka."

Da magariba na fitar da kaskon na kai ɗakina.

Kullum ita take riga kowa tashi, tarinta ne ke tashe mu da asuba. Washegari ban ji tari ba. Na dawo daga masallaci, shiru. Rana ta fito, shiru. Na tsaya a ƙofarta na yi sallama, ba amsa. Na ɗaga asabari na shiga.

Tana ciki, hanci kawai ake gani, tana minshari. Goshinta da gumi.

Na taɓa ƙafarta. Ta buɗe ido ta ga haske.

"La ilaha! Ka sa na makara salla. Wane irin abu ne wannan, mutum ya kwanta kamar an binne shi?"

"A kwashe?"

"Wa ya ce ka kwashe? Miƙo mini buta."

Na miƙa mata. Tana alwala ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka gaya wa abokinka mai shanu ya zo ya karɓi goro. Ɗan gwaggonka kuma kada a ba shi ko ɓari."

Ta yi shekaru bayan nan. Wuta ba ta ƙara kwana ɗakinta ba.