Ganyen da Tabawa Ta Ƙi Faɗa

Shekara arba'in Tabawa tana ba mutanen Wara maganin mantuwa. Wani ganye take dakawa da zuma, ɗan makaranta ya lasa kafin jarrabawa, tsoho ya lasa ya daina neman carbin da ke wuyansa. Ko yana aiki, Allah masani, su dai masunta sun rantse da shi. Sunan ganyen kuwa ko a mafarki ba ta faɗa. Haka ta gada wajen kakarta: ba a nuna wa magaji itacen sai an ji tafiya ta matso. Har 'yan jami'a suka zo da kwalabe, wai za su tatsi ruwan ganyen su auna abin da yake yi wa ƙwaƙwalwa, ta kore su da muciya.

Sai ga mantuwar ta shigo gidanta. Bara ta zuba gishiri a kunu, bana tana kiran 'yarta Lubabatu da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Tulun magani ya ƙare. Likita a Yelwa ya ce ƙwayoyinsa rage wa ciwon gudu kawai suke yi. Lubabatu ta bi daji tana tsinko duk ganyen da ya yi kama, tana shinshinawa tana kuka. Tsoro ya hana ta daka ko ɗaya, don ta san akwai ganyen da ke haukatarwa.

Wata Talata da safe Tabawa ta tashi garau.

"Lubabatu, ɗiyata, taho in gwada miki itacen nan."

Lubabatu ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ta riƙe uwar suka wuce gonaki, suka wuce mashanyar kifi, har bakin ruwa. Lubabatu ta ja ta tsaya.

"Inna, daji na can baya hwa."

"Ke mi kika sani? Ga shi can bayan rumbun Baba. Yi hanzari kada awaki su riga mu."

Lubabatu ta bi yatsan da kallo. Ruwa ne iyakar ganinta. A ƙarƙashinsa ƙauyen su Tabawa yake, tafkin madatsar ruwa ya cinye shi tun Tabawa tana budurwa.

"Inna, na nan kusa za ki tuna, wanda kike ɗebowa. Don Allah, Inna!"

Tabawa ta dube ta da fara'ar da take yi wa baƙi.

"Yarinya, ke ɗiyar wa ce?"