Sai-Na-Gani da Agogo Huɗu

A asibitinmu ba wanda yake kiransa da sunansa. Sai-Na-Gani muke ce masa, saboda duk wanda ya je masa da ƙorafin kwamfuta, komai tsawon bayaninsa, amsar ɗaya ce: "To, sai na gani." Ba ya gyara ta waya, ba ya gyara da labari. Sai ya ɗauko kujerarsa ta roba, ya dasa ta a bayanka, ya zuba wa hannunka ido. Ni kuwa Allah ya yi ni da gajen haƙuri, don haka shekara da shekaru ina ganin iyayi ne kawai yake damunsa.

Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, cike da matattun kwamfutoci da wayoyi a cukurkuɗe. In ya miƙe tsaye sai ya sunkuya. A matsayin mai buga takardu aka ɗauke shi, tun zamanin tafireta. Da aka kawo kwamfutoci, abokan aikinsa suka yi ta gunaguni, shi kuwa ya roƙi a bar masa littattafan da suka zo a cikin kwalayen. Da su ya koyi rubuta manhaja, shi kaɗai, a lokacin hutun cin abinci. Matarsa tela ce, 'ya'yansa mata uku, kuma ba ka minti biyar da shi bai faɗa maka ta tsakiyar ta fi shi kai ba.

Ni a ɗakin gwajin jini nake, shekara ashirin da biyu ke nan. Aikinmu aikin minti ne. Wani gwajin minti goma yake so, wani sha biyar, in ka wuce ya lalace, in ka yi gaggawa ya yi maka ƙarya. A kwamfutar kowa akwai agogo huɗu masu ƙidaya, 'yan mitsi-mitsi a kusurwar allo, duk launin toka. In lokaci ya cika sai su yi wani siririn kuka.

To, kukan nan ne na daina ji. Kunnena ya fara tafiya a hankali, ban faɗa wa kowa ba, ko mijina. A wata ɗaya sau biyu gwaji ya lalace a hannuna, sai da aka sake kiran marasa lafiya aka sake huda su. Ɗaya tsohuwa ce da jijiyarta ke da wuyar samu, har yau ina jin kunyar matar nan. Shugabar sashe ta kira ni ta ce, "Malama, ina ganin girmanki, amma in aka yi na uku zan mayar da ke ɗakin ajiye fayil." Ɗakin fayil! Ni da na koya wa rabin sashen nan riƙe sirinji.

Na sauka ƙarƙashin matakala raina a ɓace. Na ce, "Malam, agogon nan naku ba su da amfani. Ka ƙara musu ƙara."

Ya ce, "To, sai na gani."

"Me za ka gani? Ƙara na ce, ba zane ba!"

Bai kula ni ba. Washegari da safe ya zo da kujerarsa. Kwana biyu yana zaune a bayana kamar mai gadi, ba abin da yake yi sai ɗan rubutu a bayan wata tsohuwar ambulan. Na yi masa habaici har na gaji. A rana ta uku ya karɓi linzamin kwamfutar ya ce in je in sha ruwa.

Da na dawo sai na ga allon ya canza. Agogon huɗu sun zama manya, kowanne da launinsa, da lambobi ɓaro-ɓaro da ake karantawa daga bakin ƙofa. Maɓallin farawa ya kai faɗin tafin hannu. Ya saita su yadda ko wane shafi na buɗe a kwamfutar suna nan a sama, ba abin da zai rufe su. In lokaci ya cika kuma, allon gaba ɗaya ne yake walƙiya da launin agogon, har hasken ya bugi bango. Na ce, "Ƙarar fa?" Ya ce, "Tana nan yadda take." Ban gane ba a lokacin, na dai yi godiya sama-sama.

Kwana huɗu lafiya lau. A na biyar na saka gwajin minti sha biyar, ina cikin rubuta suna a jikin kwalbar jini sai allo ya hau walƙiya. Na miƙa hannu zan karanta sakamako, sai jikina ya ƙi. Shekara ashirin da biyu ba wasa ba ce, na san sha biyar ba ta cika ba. Na dubi agogon bango, minti shida kacal. Da na yarda da allon nan, da na rubuta wa mutum sakamakon ƙarya da hannuna.

Wallahi ban san lokacin da na isa ɗakinsa ba. Na zazzage masa tas. Na ce ya kusa kashe ni, na ce gara tsohon agogon, na ce abubuwan da ba zan maimaita ba. Ya saurara har na ƙare, sannan ya ɗauki kujerarsa ya biyo ni.

Ya ce, "Fara ɗaya in gani."

Na danna.

"Sake."

Na sake. Sai ya cire gilashinsa ya dafe goshi. "Laifina ne, Malama. Sau biyu kike dannawa. A tsohuwar manhajar dannawa ta biyu ba ta yin komai. A tawa kuwa kowace dannawa sabon agogo take haifarwa, ɗaya a fili, ɗaya a ɓoye. Kin tsayar da na fili ɗazu, na ɓoyen ya ci gaba da ƙirga abinsa, shi ne ya tashi yanzu. Ya kamata in kashe tsohon kafin sabo ya fara. Kwana biyu ina kallonki, ban lura da yatsan nan ba."

Na ce, "Ni ba na danna sau biyu."

Ya waiga ya tabbatar ba kowa a kusa, sannan ya matso daidai fuskata yadda zan ga bakinsa. "Maɓallin yana yin 'yar ƙara in an danna shi. Wanda ya ji ta ba ya sakewa."

Ashe tun ranar farko ya sani. Ya ga agogo yana kuka ban waiga ba, ya rubuta a ambulan ɗinsa, ya yi shiru.

Nan take ya gyara, ina tsaye. Yanzu in na danna, maɓallin yana lotsawa ya koma kore, ya kulle kansa har lokaci ya cika. Ya sa na gwada sau ashirin, da gangan ina dannawa bibbiyu, agogo ɗaya ne tak yake tashi. Da zai tafi ya ce, "Allo dai na gyara. Amma ba zai bi ki tsallaka titi ba, ki je a duba kunnen."

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Ranar zagayen shugabar sashe tana zuwa, kuma duk wanda ya ga allona yana walƙiya shi kaɗai a sashen zai tambayi dalili. Ranar ta zo, ta shigo, ta tsaya a kaina, allon ya haska ja.

Ta ce, "Naki ma ya iso ke nan. Sai-Na-Gani ya ce ƙugin injuna yana danne ƙararrawa, shi ya sa ya bi kwamfutocin sashen nan duka goma sha ɗaya ya saka. Da tuni aka yi haka, da ban yi miki faɗa ba."

Ta wuce. Na leƙa ɗakin kusa, na leƙa na gaba. Ko'ina manyan agogo huɗu ne masu launi. Dattijon da na wanke tas a gaban matattun kwamfutocinsa ya bi tebur goma da ba su roƙe shi komai ba, ɗaya bayan ɗaya, don kada a gane nawa. Na koma kujerata na zauna, ina ta share ido da bayan hannu, saura minti huɗu gwaji na gaba ya cika.