Man Shanun Barmo

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da dama, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini, amma ban taɓa mantawa da safiyar da na sauko gangaren Tanut da sababbin tayoyi ba. Ku da kuke tuƙi yanzu kuna yawan tambayata abin da ya sa nake hana ku gudu in an sa muku sabuwar taya da sanyi. Wasunku har dariya suke yi, wai tsoho tsoro gare shi. To, ga dalilin.

A shekarar da aka ɗauke mazaunin gwamna daga Damagaram aka kai Yamai abin ya faru. Ni a lokacin shofer ne, wato direba, kuma ni kaɗai ne mai wannan aiki a barikin Tanut. A soja na koyi tuƙi. A can kuma na sami ɗan karatun bokon da nake rubuta wannan da shi, da ɗan Faransancin da bai wuce na karɓar umarni ba. Amma asalina baduku ne. Gidanmu a Damagaram gidan fata ne, da basilla a hannu na tashi.

Mota ɗaya ce tak a barikin, kamiyo mai buɗaɗɗen baya, birkinta a ƙafafun baya kaɗai yake. Ta kumandan ce, wato Nasaran da ke riƙe da ƙasar daga bariki. Mutane Mailofe suke ce masa, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Shi ne mai hukunci, shi ne mai haraji, shi ne mai kaso. Ƙarƙashinsa akwai tafinta mai suna Laminu, da 'yan gardi, wato dogaran bariki masu bindiga, sai ni.

Barikin a kan tudu yake. In za ka kudu dole ka sauka wani gangare zuwa kori, wato busasshen rafi, ka haye, sannan ka miƙe. Gangaren nan rairayi ne zalla, kullum sai mota ta nutse an yi ta turi. Mailofe ya gaji, ya ce a shimfiɗa masa duwatsu tun daga sama har ƙasa. A zamanin, irin wannan aikin dole ne, ba lada: a kira mai gari, a ce ya kawo mazan garinsa. Abin ya faɗa kan Barmo, mai garin wani ƙauye yamma da Tanut, dattijo mai farin gemu wanda ya gaji rawanin daga ubansa. Tun kaka aka taso su, hatsinsu na zube a gona ba a kai rumbu ba. Mailofe ya yanka masa magana a gaban kowa: ranar da mota ta sauka gangaren nan lafiya, a sallame su, in kuwa aikin bai yi ba, rawanin Barmo ne zai biya.

Ni nake kai musu ruwa a ganguna, shi ya sa muka saba da tsohon. Ba ya ganina bai tsokane ni ba.

"Sarkin ƙarfe, wannan jakar taka ta ƙarfe ba ta haihuwa ne? Kullum sha take yi, ba nono ba ɗa."

"Baba, in ta haihu kai zan ba ɗan, ka huta da tsohuwar goɗiyarka."

"Allah ya tsare ni da dabbar da ke tusa tun safe har dare."

Wata rana ya kira ni gefe, ya miƙo mini tandu cike da man shanu, wanda aka aiko masa daga gida. Ya ce, "Riƙe, ka riƙa sawa a tuwo. Iyalinka na Damagaram, ka bushe kamar kilishi." Mutumin da shi kansa da gumba yake kwana.

Ana gab da gama aikin sai sababbin tayoyi suka iso daga Damagaram a bayan raƙuma. Tsakiyar sanyi ne, irin wanda ruwan randa ke sa haƙori ciwo, ƙafa ta yi ta faso. Ni da wani gardi mai suna Usmanu muka cire tsofaffin, muka sa sababbin, muka ba su iska da famfo har suka yi tauri kamar dutse, yadda aka koya mana. Tsofaffin duk sun tsattsage a gefe. Na dubi sababbin, baƙaƙe wuluk, sumul, suna sheƙi, sai badukun da ke cikina ya tashi. A gidanmu ba a barin sabuwar fata ta shiga sanyi ba a ba ta mai ba. Guga, takalmi, linzami, duk sai an shafe su, in ba haka ba su dare. Nasaran da ya koya mana mota ya nuna mana faci, ya nuna mana iska, amma bai taɓa cewa kada a shafa wa roba mai ba, don bai taɓa zaton akwai wanda zai yi ba.

Da la'asar na narka man Barmo, na bi tayoyin nan huɗu na shafe su. Ban tsaya a gefe ba, har fuskar da ke taka ƙasa na bi, na cusa mai cikin kowane tsagi da yatsa. Usmanu ya tsaya yana kallona.

"Kai, shofer, mutane na neman na miya, kai kana ciyar da roba?"

Na ce, "Usmanu, kai bindiga ka sani. Bar wa baduku aikinsa."

Da girman kai na faɗa. Har daɗi nake ji, ina ganin na yi wa motar gata.

Washegari da sassafe za mu rangadi zuwa Falanko, kuma a kan hanya Mailofe zai gwada gangaren. Na loda gangunan ruwa da na man mota, da akwatunansa, Laminu da 'yan gardi biyu suka hau baya. Da ƙyar injin ya tashi saboda sanyi. Na duba tayoyin, na ga man ya daskare a kansu, ya yi fari-fari. Ban kawo kome a raina ba. Daga inda muke ajiye mota zuwa bakin gangaren fako ne, tafiya 'yar kaɗan, babu rairayin da zai goge shi.

Mutanen Barmo sun jeru hagu da dama, kowa ya duƙunƙune cikin zane, wasu har sun ɗaure kayansu na komawa gida. Barmo na can ƙasa a bakin kori, ya sa farar rigarsa, ya naɗa rawani. Aikin kuwa ya yi kyau, Allah shi ne shaida. Faffaɗan duwatsu ne a jere, ba rami ba tudu.

Mailofe ya ce in ƙara gudu, yana so ya ga ƙarfin hanyar. Na ƙara. Da muka kai tsakiya, inda hanyar ta ɗan karkata, na taka birki. Ƙafafun baya suka tsaya cak, motar kuwa ba ta tsaya ba. Ji na yi kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashinmu. Bayan motar ya fara zagayo gabanta. Na juya kanta, ba ta ji ba. Na saki birki na sake takawa, banza. Haka muka tafi a karkace, mutane na watsewa suna salati, har ƙafar baya ta zarce gefen duwatsun, nauyin gangunan ya rinjaye mu, muka kwanta a gefe cikin rairayin kori.

Ba wanda ya mutu. 'Yan gardi sun diro tun a sama, Laminu ya fasa goshi, ni na ƙuje. Mailofe ne ya karye a hannu. Mutanen Barmo suka jawo shi ta taga, ba hula, rairayi cike da bakinsa, a gaban talakawan da ko ido ba sa iya haɗawa da shi. Ina jin wannan ya fi karayar yi masa zafi.

Aka zaunar da shi a kan akwati, ya ce a kawo Barmo. Tsohon ya zo ya durƙusa. Laminu na share jini yana fassara.

"Kumandan ya ce ka shimfiɗa duwatsu masu santsi don ka kashe shi."

"Ranka ya daɗe, duwatsun da aka nuna mana su muka ɗauko. Jakai sun bi da kaya, ba wanda ya zame."

"Ya ce shi ba jaki ba ne."

Ni kuwa na riga na je wurin motar. Tayoyi biyu na sama, na sa hannu a kan ɗaya, hannuna ya zame. Na waiga gangaren, ga sawunmu nan a kan duwatsu, dogon layi yana maiƙo. Nan take na gane. Na zo na ƙame a gaban Mailofe yadda ake yi a soja, na ce wa Laminu ya faɗa masa hanya ba ta da laifi, ni ne na shafa wa tayoyi mai.

Laminu ya dube ni, ya ce a hankali, "Kana cikin hankalinka?"

"Faɗa masa."

Ya faɗa. Mailofe ya sa aka kama shi ya tashi, ya je ya dangwali tayar da hannunsa mai lafiya, ya sansana. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya yi tambaya guda, wadda na ji ba sai an fassara ba: ina na sami man?

Da na ce a kasuwa na saya, da shi ke nan. Da na ce wata Bafulatana ce ta kawo, da ba wanda zai bincika. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Mai gari ne ya ba ni."

Laminu ya runtse ido. Bai so ya fassara ba, amma Mailofe ya riga ya ji kalmar mai gari, ya san ta. Na yi sauri na ce don tuwo ya ba ni, don in ci, bai ma san abin da na yi da shi ba. Laminu ya faɗi wannan ma, na ji shi da kunnena. Mailofe ya ɗaga hannu, alamar ya isa.

A nan bakin kori aka yi hukunci. Wai Barmo ya yaudari shofer da mai don motar kumandan ta faɗi. Usmanu aka sa ya warware masa rawanin. Kan tsohon ya fito fari fat a cikin sanyin nan. Mutanensa kuwa aka ce ba inda za su, sai sun tone duwatsun sun sake jerawa. Barmo ya ɗago kai. Ni kawai ya duba, kuma ba kallon fushi ba ne. Kallon mutumin da bai gane abin da ake ciki ba ne.

Mutanensa ne suka ta da motar da igiyoyi, suka ja ta har bariki. Na gyara abin da ya lanƙwashe. Na wanke tayoyin da toka da ruwan zafi, na dirje su da rairayi har sheƙin ya mutu, na rage musu iska. Da rana ta yi zafi na yi ta zagaya fili da motar don robar ta saki. Kashegari aka ce in kai Mailofe wurin likita a Damagaram, in kai Barmo gidan kaso a can. Mota ɗaya, ɗaya a gaba, ɗaya a baya da igiya a hannu.

Kafin mu tashi na sake gwadawa. Da guntun Faransancina na ce masa tsohon ba shi da laifi, ni ne. Ya cire lofen daga bakinsa, ya amsa mini da Hausarsa mai gargada, don kada in ce ban ji ba.

"Na sani. Shofer ɗaya. Mai gari da yawa."

Ya ce in tayar, na tayar. Ina da hanya: in ce ba zan tuƙa ba sai an kwance shi, tunda ba mai tuƙin sai ni, kuma hannun Nasaran na kumbura. Na san da haka a lokacin, ba daga baya na gano ba. Tsoro ne ya hana ni, da son aikin.

Ba a fara tone duwatsun ba tukuna, don haka ta kansu muka bi. Na sa ƙaramar giya, na sauka a hankali. A daidai inda muka zame jiya na taɓa birki, motar ta tsaya kamar an kafa ta. Mutanen ƙauyen na tsaye da diga a hannu suna kallonmu. Sai na ji an ƙwanƙwasa allon bayana. Muryar Barmo ce.

"Sarkin ƙarfe! Ta riƙe ko?"

"Ta riƙe, Baba."

"Alhamdulillahi. Ashe mun iya aiki."

Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini. A Damagaram na miƙa shi ga masu kaso. Bai ga damina ba, ciwon ƙirji ya ɗauke shi a can. Ni kuwa ko tsawa ba a yi mini ba. Na ci gaba da tuƙi har kumandan ya canza, wani ya zo, wani ya tafi, duk ina nan, ana cewa ba shofer irina a duk Damargu, ƙasar da Tanut take ciki.

To, ku ji. Roba ba fata ba ce, ba ta son mai. Sabuwar taya tana zuwa da santsinta, sanyi kuma yana ƙara mata tauri. Sai ta ci ƙasa ta ji ɗumi sannan take kama hanya. Ku bi ta a hankali kwanakin farko, kada ku cika mata iska, kada ku amince da birki a kan gangare da safe, ko wa ya ce ku ƙara gudu. Wannan shi ne na mota, kuma mai sauƙi ne.

Ɗayan ya fi wuya. Aikinmu aiki ne da manya ke bukata, shi ya sa in mun yi ɓarna ake neman wani a ɗora masa: mai gyaran hanya, mai lodi, mai jakin da ya gifta. Za a ce maka tashi, ba kome, kai ka ɗauka darajarka ce. Ba daraja ba ce, ba a sami madadinka ba ne kawai. Duk ranar da aka yafe muku da sauri haka, kafin ku ce Allah ya saka, ku waiga bayan motar ku ga wa aka ɗaure.