Mutum Huɗu a Gaban Mota

Ranar da na kai Inna Argungu ta duba ƙanwarta, mu huɗu ne a gaban mota. Ni da wani mai albasa ɗan garin Gulma a kujera ɗaya, direba kuma ya raba tasa da wani magidanci, sai ya miƙa hannu tsakanin gwiwoyin mutumin kafin ya sa giya. Inna tana baya. Ni na yi wa yayyena alkawarin kai ta lafiya, tunda ni ne mai digiri.

Muna barin Birnin Kebbi direba ya taka. Allurar gudu ta mutu, don haka ba zan rantse cewa gudu yake yi ba, wataƙila itatuwan ne ke sauri. Na so in ce ya sassauta. Amma a motar haya, wanda ya faɗi haka kamar ya kira haɗari da bakinsa ne.

Sai na yi zagaye. Na ce na karanta a waya, ko da yake ba duk abin waya ake gaskatawa ba, wai a wasu ƙasashe akwai motoci marasa direba, kuma in ɗaya ta buge mutum akan tsaya a yi bincike. Fatana direba ya gane inda na dosa.

Mota ta ɗauki salati. Mai albasa ya ce wannan wasa da rai ne. Magidancin ya ce iyalinsa ba za su taɓa shiga ba, shi mutum ne mai taka-tsantsan. Direba ya saki sitiyari ya ɗaga hannu biyu don mu ga haɗarin abin, muna tsakiyar wuce tirela.

Daga kujerar baya Inna ta ce, "To in ta yi gudu, wa za a ce ma ya rage?"

Kowa ya ce gaskiya ne, tambaya ce ta manya. Na waiwaya, na ga ta ƙanƙame kujerata da hannu biyu.

Na ce, "Malam direba, don Allah a ɗan sassauta, in ba damuwa. Tsohuwa ce."

"Ai da ka faɗi tun tasha, ɗan boko," in ji shi. Kuma ya rage.

Mai albasa ya yi ta tsaki har gari, wai kasuwa za ta watse. Da muka isa, kafin ma su gama gaisawa da ƙanwarta, Inna ta gaya mata cewa ni ne na tsorata, na laɓe da sunanta a gaban mutane.