Kuɗin Adashe a Banki

Shekara biyu na yi ina hawa ƙaramar bas daga unguwar Faisal zuwa Dokki da ledar takardun neman biza, har direbobi suka san fuskata. Mijina ya gama karatu a nan Alƙahira, ya samu aikin kula da tsofaffi a Turai, ya bar ni da 'yarmu a gidan haya, wai wata shida kawai zai ɗauke mu. Yarinyar tana da shekara sha shida a lokacin, kuma an gaya mana in ta cika sha takwas ba ta shiga takardar iyali.

Albashinsa bai kai abin da masu ba da biza suke nema ba, amma an ce ajiyar banki tana cike giɓin. Shi kuwa bawan Allah ajiyarsa a adashe take, shi da 'yan garinmu tara da ke can. Da kwasarsa ta zo ya zuba kuɗin gaba ɗaya a banki, ya kira ni yana murna. Ni ma har guɗa na rangaɗa, sai da maƙwabciyata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Aka hana mu biza. Takardar ta ce ba a san inda kuɗin suka fito ba, da alama aro ne. 'Yata ce ta karanta min, don ita ke jin Turancinsu.

Lauyar da ya ɗauka ta ce mu ɗaukaka ƙara, amma sai kowane ɗan adashe ya sa hannu cewa ya zuba. Uku suka yarda. Sauran, wani takardun zamansa sun ƙare, wani aikin ɓoye yake yi, suka daina ɗaga wayarsa. Na zage su tas a raina, alhali na san da ni ce, haka zan yi. Da adashe uwata ta aurar da mu shida, ba wanda ya taɓa neman rasit.

Na gaji. Na gaji da kai takardu fassara, da layin hatimi, da ma'aikatan da ke ce min ma'alish, wato a yi haƙuri, ba tare da sun ɗago kai ba.

Ƙarar ta faɗi wata biyu bayan yarinyar ta cika sha takwas. Lauya ta rubuto cewa kada mu damu, yanzu kuɗin sun daɗe a banki, sabuwar nema za ta wuce. 'Yata tana karantawa a fili, sai ta tsaya. Na ce ta ci gaba.

"Ke kaɗai, Umma," ta ce.

Na ce wallahi ba inda za ni. Ba ta yi musu ba. Ta jawo kwamfuta ta buɗe fom ɗin, ta cike sunana da lambar fasfona daga ka. Da ta iso gurbin 'ya'yan da za su biyo ni, ina tsaye a bayanta, ta rubuta babu.