Mabuɗin Ɗakin Kaset

Ba ta taɓa mayar da kaset mazauninsa ba sai ta sansana shi. In ta ji ɗan tsami-tsami, ta san ya fara lalacewa, sai ta ɗaura masa jan zare ta ware shi gefe. Shekara talatin da ɗaya tana haka a ɗakin ajiya na gidan talabijin ɗinmu, can ƙarshen baranda, kusa da janareto. Goggon Kaset kowa yake ce mata, har mu da muka girme ta. Ni ɗaukar hoto nake yi, yawancin abin da ke ɗakin nan ta idona ya wuce.

Da gidan ya buɗe manhajar kallo ta waya, wadda sai ka yi rajista kake gani, aka kawo sabon manaja. Ba shi da mugunta, sauri ne dai ya yi masa yawa. Ya sayo finafinan waje, aka yi wata uku ana talla. Masu rajista kuwa, ban taɓa jin an faɗi yawansu da ƙarfi a wajen taro ba.

Sai ya ce ɗakin kaset za a zuba wa sababbin na'urori. A kwashe komai kafin ƙarshen wata, motar shara za ta zo.

"Goggo, mabuɗin," in ji shi daga bakin ƙofa.

"Wanne daga ciki, ranka ya daɗe?"

"Na nan. Wa zai yi rajista don ya kalli hoto mai yayyafi?"

"Finafinan nan naka, ba wuri goma ake nuna su ba? Waɗannan kuwa duk duniya nan kaɗai suke."

"Goggo, zamani ya wuce nan."

"Ya wuce mana. Na tare masa hanya ne?"

Ta ƙara ɗaure mabuɗin a bakin zaninta. Washegari aka aiko mata takardar gargaɗi. Ta karanta, ta ninke ta huɗu, ta cusa ƙarƙashin ƙafar teburinta. Dama ya daɗe yana rawa.

Na'urar bidiyo ɗaya ce ta rage mai rai. Ta sa aka jona mata ita da kwamfuta, ta fara kwafa, masu jan zare tukuna. Aikin ba ya karɓar gaggawa: kaset na awa guda, awa guda zai ci.

Direban gidan ne ya kawo takarda ta biyu, magidanci mai furfura. Ya tarar tana kwafar wata tsohuwar hira da ma'aikatan jirgin ƙasa. Ya kalli allon, sai ya zauna a ƙasa.

"Goggo, babanmu ne. Ji dariyarsa."

Ba su da hotonsa ko ɗaya. Goggo ta lallaɓa ma'aikaciyar da ke kula da manhajar ta ɗora hirar. A ranar 'yan uwan direban su bakwai suka yi rajista. Kafin mako ya zagayo, wayar ofis ta dame mu: akwai shirin da kakata ta fito? Akwai gasar makarantarmu?

Manaja bai ce ya yi kuskure ba. Cewa ya yi duk abin da ta kwafa ya tsira, saura kuma ƙarshen wata na nan. Wata ya ƙare sau biyar, tana zaune a kujerarta.

A na shida ta ce kanta na sarawa, za ta je gida ta dawo. Ba ta sake dawowa ba. Bayan kwana uku 'yarta ta zo, ta wuce ofishin manaja ba ta ko leƙa ba, ta miƙo mini mabuɗin.

"Baba, ta ce kada a ba mai sauri."

Masu jan zare arba'in da uku suka rage. Ɗaya yana cikin na'urar bidiyon, ya tsaya a minti na goma sha tara, wata mata ta buɗe baki za ta yi magana. Ban iya kwamfutar ba tukuna, ana koya mini. Jiya manaja ya tambaye ni mabuɗi. Na ce masa wanne daga ciki.