Ranar da na miƙa makullin sito

Har gobe ba zan manta da ranar da Madam Akosua ta ba ni hutu ba. Ku ma'aikatan da kuka zo daga baya kuna kirana Baba Lif, to ga inda sunan ya samo asali.

Kafin in zama mai kula da lambu a wannan masauki na Sagnarigu, kiwo nake yi a bayan garin Kukuo tun ina yaro. Saniya ba ta san Lahadi ba, ba ta san Sallah ba. Kuma a wurinmu, in mai shanu ya karɓi sandarka ya miƙa wa wani, naka ya ƙare ke nan.

Da na cika shekara a nan, cikin rani, Madam Akosua, manajarmu, ta kira ni ofis. Ta ce, "Baba Alhassan, daga Litinin kana lif. Ka ba Kwabena makullin sito." Lif shi ne hutun shekara na ma'aikaci, albashinsa na tafiya. Ta yi mini wannan bayanin, amma ni makullin kawai nake kallo. Na miƙa shi ga Kwabena mai wanki da guga, na yi godiya, na fita.

Ban faɗa wa matata Fuseina ba. Ranar Litinin na fito da sassafe kamar kullum, na zauna gindin mangwaron da ke tsallaken titi, kusa da mai koko, ina leƙen wanda ya gaje ni. Haka na yi ta yi har ranar da na ga Kwabena ya jawo tiyo da tsakar rana yana sheƙa wa furanni ruwa. Ban san sanda na miƙe ba.

"Kai! Ba a ba su ruwa da rana, dafa su za ka yi!"

Ya juyo. "Massa, ba kana lif ba? Me kake yi a gindin bishiya?"

Hayaniyarmu ta fito da Madam. Na cire hula na ce, "Madam, in laifi na yi, a faɗa mini. Ina da iyali."

Ta fara dariya, da ta ga fuskata sai ta daina. Ta nuna allon ƙofa mai ɗauke da sunan masaukin ta ce, "Ba kana zuwa ajin manya ba? Karanta mini."

Na bi haruffan a hankali har na kai kan kalmar rest. Malamarmu ta taɓa cewa kalmar tana da amfani iri-iri a Turanci, amma na nan na san shi. Na ce, "Hutu."

"To, baƙi biya suke yi su same shi a gidan nan. Kai an ba ka, ka ƙi?"

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, sai da Kwabena ya sa baki. "Baba, don Allah ka je ka dawo. Kana dawowa ni zan tafi Kumasi, kai za ka riƙe makullin ɗakin wanki. Wa ke son lambunka? Sauro sun gama da ƙafafuna!"

Nan na gane. Ashe ajiyar makullin kawai na ba shi, kuma nasa na nan tafe hannuna.

Na koma gida na faɗa wa Fuseina komai. Ta ce, "Madalla, maigida. Tun da hutu kake, ga rufin kicin yana jiranka."

Da na dawo, Kwabena ya tare ni tun daga ƙofa da makullai biyu. Furannina sun ɗan sha wuya. Ni ma kafin ya dawo na ƙona rigar filo da dutsen guga, don haka babu wanda ya yi ƙarar wani.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan hutu karɓa-karɓa ne: kana tafiya ne don ɗan'uwanka ya riƙe maka. In lif ɗinku ya zo, ku tafi gida. Gindin mangwaron nan ba shi da daɗin zama, na gwada.